Zauren Tambaya da Amsa: Malam, ɗalibina ya fara kafirta 'yan ajinsu, a kore shi ko yaya?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon da yawansu kan abu ɗaya suke, yara 'yan makaranta da tsattsauran ra'ayi, shi ya sa na tsinci guda huɗu na haɗa su waje ɗaya. Kamar kullum na cire sunaye da inda aka aiko tunda magana ce ta 'ya'yan mutane. Ta farkon zan daɗe a kanta, kuyi haƙuri dani.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malama ce a wata sakandare, tarihi nake koyarwa kuma ni ke riƙe da ajin. Akwai wani yaro ɗan shekara 16, wlh yaron nan baya fita daga ukun farko, ga fara'a, shi ke sa aji dariya, amma tunda aka dawo hutu ya canza gaba ɗaya. Ya daina zama da abokansa in an fita tara, baya buɗe baki in ana taken ƙasa a asambuli, rannan kuma ana cikin darasi ya miƙe yace duk mai aikin gwamnati kafiri ne har da mu malamai, da wani yaro ya musa masa sai yace masa ai kai jininka ya halatta. Monita kuma ya same ni a gefe yace yana nuna musu wasu bidiyoyi a waya na mutane da bindigogi. Na kai maganar wajen firinsifal shi kuma yace kora kawai za ayi kafin ya lalata sauran, a kuma kira jami'an tsaro. Ni kam raina bai kwanta ba dan na san yaron nan, babansa ma bara ya rasu. Dan Allah me ka gani?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya saka miki da alheri da kika tsaya tambaya kafin a yi aikin da ba zai warwaru ba. Kar ku kore shi. Ki koma wajen firinsifal cikin ladabi ki ce ranka ya daɗe, in mun kore shi yau, gobe ƙarfe takwas na safe a ina zai kasance, kuma da wa? Ai da mutanen da ke turo masa bidiyon nan ne, su da ma abinda suke gaya masa kenan dare da rana, wai makarantar nan ba taka bace, malaman nan basa ƙaunarka, ranar da ka faɗi gaskiya za su wulaƙanta ka. Toh ranar da kuka miƙa masa takardar kora kun gaskata su kenan, kun kuma ba su yaron kyauta awa 24. Hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar.

Kin rufe wasiƙarki da rasuwar babansa, ni kuma daga nan zan fara. Masu hure wa yara kunne basa farawa da aya ko hadisi, da kulawa suke farawa. Ya kake, ya jarrabawa, me ke damunka yau naga kayi shiru, kai fa basirarka daban ce da ta sauran. Yaro ya rasa uba, gida yayi tsit, uwa na fama da nata kukan da ƙannensa, sai ga wani babba yana kiransa ɗan'uwa yana sauraronsa har ƙarfe ɗayan dare, ya tuna ranar da zai rubuta lissafi, ya tambaye shi ya ta kasance. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aƙidar daga baya take zuwa, kuma in ta zo yaron yana karɓarta ne saboda wanda ya kawo ta, shi ya sa in kika zagi aƙidar a gabansa ji yake mutumin nan ɗaya tilo mai kula da shi kika zaga.

Kuma ba ra'ayina bane kawai. A 2017 hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna da mutum 495 da suka shiga ƙungiyoyi irin su Boko Haram da Al-Shabab da ƙafarsu, banda waɗanda aka sace, ta tambaye su yanda akai. Kashi 57 cikin 100 da bakinsu suka ce littattafan addinin da suke cewa dominsu suke yaƙi, ko dai kaɗan suka fahimta ko ma basu fahimci komai ba. An kuma ga wanda yayi shekara 6 ko fiye yana karatun addini yiwuwar shigarsa tana raguwa har da kashi 32. Kashi 71 suka ce abinda ya ƙarasa tunzura su wani abu ne da hukuma tayi, an kashe ko an kama ɗan'uwa ko aboki, dan haka ki riƙe wannan kafin a kira wa yaro ɗan 16 mota a fitar da shi a gaban 'yan ajinsu. Da suka sake irin binciken a 2023 da mutum kusan 2,200 a ƙasashe 8 sai suka ga duk shekara ɗaya da yaro ya ƙara a makaranta tana rage yiwuwar da kashi 13, ki kai wa firinsifal wannan ma. Amma abinda ya fi tayar min da hankali a na 2017 ɗin, kusan rabinsu ko wata ɗaya basu yi ba tsakanin haɗuwar farko da shiga. Toh kin ga ba maganar a bari sai zango mai zuwa bace, satin nan ne.

Ki kira shi ke da shi, ba a gaban aji ba, ba a ofishin firinsifal ba inda zai tsaya hannu a baya ana masa tsawa. Ki ba shi kujera. Kar ki fara da maganar kafirci, ki fara da babansa, ki ce masa ban taɓa zama na maka gaisuwa yanda ya kamata ba. Watakila ranar farko ko kallonki ba zai yi ba, babu komai, ki sake kiransa jibi. In ya fara magana ki bar shi ya zazzage duka ko da kina jin abin na ƙona miki rai, sannan ki dinga tambaya maimakon musu: wa ya gaya maka haka, a ina shi yayi karatu, ka taɓa ganin fuskarsa, ka ce duk ma'aikaci kafiri ne toh likitan da ya duba babanka fa? Ki bar shi da tambayar ya tafi da ita gida, ba sai ya amsa ranar ba.

Wannan fa ba sabuwar dabara bace. Mun san saurayin nan da ya zo wajen Annabi (SAW) yace a yi masa izinin zina, mutane suka taso masa, Annabi yace masa matso kusa, ya zaunar da shi ya tambaye shi, kana son a yi wa mahaifiyarka, kana son a yi wa 'yarka, 'yar'uwarka fa, har ya ɗora masa hannu yayi masa addu'a, kuma yaron bai sake waiwayar abin ba. Ke kuma malamar tarihi ce, kin san Abdullahi ɗan Abbas da ƙafarsa ya taka har inda Khawarijawa suka ware, mutanen da suka kafirta Sayyidina Ali, ya ce su faɗi abinda suke tuhumarsa da shi, suka kawo abu uku, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da Alƙur'ani da sunna, a ruwayar da ta shahara mutum 2,000 cikin 6,000 suka dawo. Sai da ya fara sauraronsu fa. Dan haka ki nemo malamin addini mai ilimi da haƙuri wanda zai iya zama da yaron sau biyar sau goma ya buɗe littafi su karanta ayar da aka yanko masa tare da ta gabanta da ta bayanta. Banda mai zafin kai wanda zai ce masa kai ɗan wuta ne, wannan ƙara wa wuta fetur zai yi.

Ni kaina na taɓa yin kuskuren nan kuma har yau yana cina. Lokacin ina aji, wani yaro ya ɗaga hannu ana tsakiyar darasi yace Malam, in dokar ƙasa ta kowa ce me ya sa aka tafi da yayana wata takwas ba a kai shi kotu ba, ɗan wane kuma ya buge mutum da mota ya kwana a gidansu? Na kalli agogo saura minti goma a buga ƙararrawa ban gama abinda ke kan allo ba, nace masa zauna, wannan baya cikin darasinmu. Ya zauna. Har yanzu ina ganin yanda ya rufe littafinsa a hankali ya ɗora biro a kai. Bai sake ɗaga hannu a ajina ba, kafin ƙarshen shekara kujerarsa ba kowa, daga baya abokinsa yake gaya min ya samu masu amsa masa irin tambayoyin nan ya bi su. Tambayarsa gaskiya ce, kuma da na iya ce masa kana da gaskiya, wannan zalunci ne, zo bayan an tashi mu ga wa za mu rubuta wa. Minti goma ne kawai Malama.

Sai dai kar ki ji nace a lallaɓa ki ɗauka nace a rufe ido. Kalmar da ya gaya wa yaron nan cewa jininsa ya halatta ba ƙaramar magana bace, dole a gaya masa ƙarara cewa a makarantar nan ana iya tambayar komai amma ba a yi wa kowa barazana, a kuma kula da wancan yaron dan shi ma amana ne a hannunku. Mahaifiyarsa kuma ki je da kanki, kar ki ba shi takarda ya kai gida. In kuma kika ji ya fara ambaton wani mutum da yake son a far wa, ko rana, ko makami, ko yana shirin tafiya, ko ana turo masa kuɗi, ko akwai wani babba da ke haɗuwa da shi a ɓoye, toh nan abin ya wuce ƙarfin makaranta, a sanar da hukuma da sanin uwarsa, a kuma nuna musu cewa wannan babban shi ne abin nema, yaron farautarsa aka yi.

Akwai inda aka gwada irin wannan aka ga amfaninsa. Birnin Aarhus na ƙasar Denmark matasa kusan 30 suka bar shi zuwa Siriya dan shiga yaƙi tsakanin 2012 da 2013, sai makarantu da 'yan sanda da ma'aikatan jin daɗin jama'a suka haɗa kai, duk yaron da aka ga ya fara karkata a kira shi a zauna da shi da iyayensa, a haɗa shi da wani babba da zai dinga bibiyarsa yana taya shi karatu da neman aiki suna musu kan addini da siyasa, a 2014 mutum 1 ne ya tafi.

Abu na ƙarshe, dan na san wasu malaman za su karanta wannan su fara zargin kowa. Gemu, ɗage wando, babban hijabi, azumin nafila, yawan zama a masallaci ko coci, duk ba alamar komai bane, yaro mai riƙo da addini abin farin ciki ne. A 2015 a jihar Texas ta Amurka wani yaro Musulmi ɗan shekara 14 ya haɗa agogo da hannunsa ya kawo makaranta dan ya burge malaminsa, ƙarshenta ankwa aka sa masa wai bom ne. A Ingila tun 2015 doka ta wajabta wa malamai kai rahoton yaron da suke zargi, a shekarar da ta ƙare a Maris 2023 an kai rahoto 6,817 a Ingila da Wales, daga makarantu da 'yan sanda da sauran hukumomi, amma 645 kawai aka ga suna buƙatar kulawa ta musamman, kuma iyaye Musulmi da yawa can sun koka cewa 'ya'yansu sun koyi kame baki a aji. Abin dubawa shi ne yanke zumunci, ɓoye-ɓoye, raba duniya gida biyu mu da su, da halatta jini.

TAMBAYA: Malam mu iyaye a ƙungiyar iyaye da malamai ta makarantar 'ya'yanmu mun yanke shawarar a hana waya kwata-kwata, duk wanda aka kama da ita a fasa a gabansa, saboda a waya ake lalata mana yara da waɗannan aƙidun. Wasu sun ce ya isa haka, ni kuma ina ganin kamar da saura. Ya kake gani?

AMSA: Alhaji da saura kam, da saura sosai. Hana waya a aji ina goyon baya, ko dan karatu ma. Fasawa a gabansa ne ban yarda ba, wulaƙanci ne, kuma wulaƙanci shi ne abincin waɗancan mutanen. Sannan yaro awa shida ko bakwai yake a makaranta, sauran fa? Wayar yayansa na nan, ta abokinsa na nan.

Ga yanda abin ke tafiya. Yaro ya kalli bidiyo ɗaya na yara da aka kashe a wata ƙasa, kuma galibi zaluncin gaskiya ne ba ƙarya ba, ya daɗe a kai, manhajar ta lura ta ƙaro masa irinsa wanda ya fi zafi, ya rubuta ra'ayinsa a ƙasa cikin fushi, wani ya gani ya bi shi ta saƙon sirri yace ɗan'uwa naga kai kana da kishi, daga TikTok ko YouTube a ce ya dawo Telegram ko wani rufaffen gurup na WhatsApp, daga nan a fara ce masa goge bayan ka karanta, kar ka gaya wa iyayenka ba za su gane ba. Wannan kalmar ta kar ka gaya wa iyayenka ita ya kamata kowane yaro ya san cewa da ya ji ta an zo inda ake so a cuce shi.

Kuma kar a ce sai daƙiƙai ko 'ya'yan talakawa. A Fabrairun 2015 'yan mata uku 'yan makaranta ɗaya a gabashin Landan, biyu 'yan 15 ɗaya 'yar 16, masu ƙoƙari a aji, suka hau jirgi zuwa Turkiyya suka tsallaka Siriya wajen 'yan ƙungiyar ISIS. Ƙawarsu ta riga su tafiya tun Disamba, 'yan sanda sun zo makarantar sun yi magana da su har sun rubuta wa iyaye takarda, amma sai aka ba 'yan matan su kai gida, suka ɓoye, iyayen basu gani ba sai bayan sun tafi. Ba kuma addini ɗaya ko launi ɗaya bane. Wanda ya kashe mutum 51 a masallatai biyu a Christchurch ta New Zealand a 2019 kai tsaye ya watsa a Facebook, shi kuma yaro ɗan 18 da ya harbe baƙaƙen fata 10 a Buffalo ta Amurka a 2022 da kansa ya rubuta cewa zaman kullen korona ne ya kai shi shafukan da suka cusa masa ƙiyayyar, kuma wancan na Christchurch ɗin ya kwaikwaya.

Dan haka abinda zan roƙi ƙungiyarku, ku sa makaranta ta ware ko minti 40 a sati a koya wa yara tantance abinda suke gani. Malami ya kawo bidiyo ko hoton da ke yawo, a kalla tare, a tambaya wa ya ɗauka, yaushe, me aka yanke, me yake so in ji a raina, wa zai ci riba in na fusata. A nuna musu ana iya saka hoto a Google a ga inda ya fara fitowa, wlh ranar da yaro ya gano da hannunsa cewa hoton da ya sa shi kuka na wata ƙasa ne daban tun shekara goma baya, ya samu rigakafin da fasa waya ɗari ba za ta ba shi ba. Ƙasar Finland tun daga ƙananan azuzuwa take koyar da wannan. Ku ma iyaye a kira ku a nuna muku, dan da yawanmu bamu san me ke cikin wayar da muka saya da kuɗinmu ba.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗalibi ne ajin ƙarshe. Wani malaminmu rabin darasinsa zagin 'yan wata aƙida ne da waɗanda ba addininmu ɗaya ba, rannan har cewa yayi su ɗaga hannu a gansu, yara suka yi ta dariya. Abokina na cikinsu kuma tun ranar baya son shiga ajin. Ina tsoron in yi magana ya kada ni a jarrabawa.

AMSA: Ɗana Allah yayi maka albarka, tsoronka kuma a kan hanya yake, dan haka kar ka tsaya musu da shi a aji. Ka dinga rubuta ranar da abinda ya faɗa daidai yanda ya faɗa, ka samu mutum biyu ko uku da suka ji, ku gaya wa iyayenku ko wani malami da kuka yarda da shi su kai wa shugaban makaranta, ba sai sunanka ya fito ba. Abokinka kuma ka zauna kusa da shi gobe, ku fita tara tare kowa ya gani.

Wannan ɗaga hannun ya sa gabana ya faɗi da na karanta. A Ruwanda kafin kisan kiyashin 1994 waɗanda suka tsira da yawa sun ba da labarin yanda malamai ke cewa 'yan ƙabilar Tutsi su miƙe a aji a gansu. Amma a ƙasar dai, a Maris 1997, 'yan bindiga suka shiga sakandaren Nyange da dare suka ce ɗalibai su rabu, Hutu gefe Tutsi gefe, yaran suka ƙi suka ce mu duka 'yan Ruwanda ne, aka kashe 6 daga cikinsu a daren. Sa'anninka ne fa.

Ku kuma shugabannin makarantu, muna ta neman ɓarawo a waje alhali wani lokacin yana cikin gida da alli a hannu. Ku san wa kuka ɗauka aiki, ku dinga zagawa kuna tsayawa a bakin taga kuna jin me ake faɗa, ku san wa ake gayyatowa yayi wa'azi a ƙungiyoyin addini na ɗalibai, kuma kar a bar baƙo shi kaɗai da yara ba malami a wajen.

TAMBAYA: Malam ni hedimasta ne, makarantata ko katanga babu balle malamin ba da shawara, aji ɗaya yara sun fi 80. Duk abinda ake faɗa na masu hali ne. Mu me za mu iya?

AMSA: Ranka ya daɗe na ji kukanka kuma katanga haƙƙinku ce, kar ku gaji da nema. Bayan hare-haren da aka kai makarantun Buni Yadi da Chibok da Peshawar ta Pakistan a 2014, da jami'ar Garissa ta Kenya a 2015 inda aka kashe mutum 148, ƙasashe sun haɗu a Oslo ta Norway a Mayun 2015 sun fitar da yarjejeniyar kare makarantu wadda yanzu fiye da ƙasa 100 suka amince da ita, dan haka in ka nemi tsaro ba alfarma kake roƙo ba. Amma katanga mai zuwa da bindiga daga waje take tarewa, shi kuwa yaron da ake janyewa a hankali yana zaune a benci na uku.

Abinda ke hannunka baya cin ko sisi. Ka hana malamanka kiran yaro daƙiƙi ko ɗan iska, ka hana tsirara yaro da bulala a asambuli, ka hana a zolayi wanda bai biya kuɗi ba a gaban mutane. In an yi laifi ɗan mai hali da ɗan talaka horo ɗaya, yara na gani fa, kuma a nan suke fara yanke hukunci ko adalci gaskiya ne ko zance. Ka dawo da muhawara ranar Juma'a ko wata ranar, ka sa yaro ya kare ɓangaren da bai yarda da shi ba, ka ga yanda kai ke buɗewa. Ƙwallo da wasan kwaikwayo da aikin gayya a cakuɗa yara, kar a bar kowa da 'yan garinsu ko 'yan aƙidarsu. Yaron nan mai zafin kai mai yawan musu ka ba shi muƙami, ka sa shi tara taimako wa ɗalibin da ke kwance asibiti, so yake yaji yana da amfani.

Yara 80 malami ɗaya ba zai san su ba, na yarda. Toh ka raba su, har da maigadi da akawu da duk babban da ke makarantar, kowa a ba shi nasa kason ya san sunayensu da wanda ke riƙe da su a gida da wanda aka yi wa rasuwa. Sai rajista, a dinga kiran suna da gaske kullum safe, ba monita ya cike a ƙarshen sati ba, kuma duk wanda aka kira kwana uku a jere ba a ji amsa ba, ranar na huɗu wani babba ya taka har gidansu yayi sallama ya tambaya ina yake.